Takarda Ɗaya Kafin Asabar, Kan Motar Da Aka Juya Wa Sitiyari

Zuwa ga Alhaji mai filin ƙananan motoci a hanyar Elig-Edzoa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da maigadin nan naka da ya riga ya haddace fuskata. Ya hanya? Na tambaya ne don sau huɗu ina zuwa ofishinka, sau huɗu ana ce min kana Duwala wajen jirgin ruwa. Allah ya dawo da kai lafiya, in ma tafiyar ka yi.

Sunana Sabo. In ka tambayi Sabo kawai a unguwarmu ta Briqueterie za a nuna maka mutum goma, amma ka ce Sabo Kilakson, ko akuya ta san gidan. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa taksi a Yawunde, ban taɓa taka ko kaza ba. Akwai lungunan da na sani a garin nan waɗanda masu babur ma sai sun tambaye ni. Rubutu ne dai ba sana'ata ba, a aji uku na bar lekol, wato makaranta, wannan ma kwana biyu na yi ina danna ta da babban yatsa a waya. Inda ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da kanka. Na yi ta da Hausa don da Hausa muka yi ciniki, ka riƙe hannuna ka kira ni ɗan'uwa. Ban sa sunanka ba, ban sa na kamfaninka ba, kai dai ka san kanka. Zan saka ta a zauren waya na direbobi da 'yan kasuwar unguwa, na san ba za ta kwana ba ta iso ka.

Bari in fara da abin da ya hana ni cin abinci. Asabar mai zuwa, bayan azahar, shugabannin sandika, wato ƙungiyarmu ta direbobi, za su zauna a kaina. Za su yanke ko a karɓe bajina. Baji shi ne katin nan mai hoto da muke ratayawa a gaban mota, in babu shi, ba ni ba taksi a garin nan. Ana zargina da cewa ni na yi wasa da wayoyin motata har wani dattijo ya ji ciwo a hannu. Takarda ɗaya daga wajenka za ta wanke ni. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Motar da aka nuna min.

Bayan Babbar Sallah na zo filinka. Dogon ma'aikacin nan naka mai tabarau ya buɗe min wata ƙaramar mota ja, ya ce daga Turai take. Na zauna a ciki kusan rabin awa, har ya fara duba agogo. Ni ba launi nake kallo ba, launi ai rawaya za ta koma kamar kowace taksi. Abin da ɗan taksi ke dubawa na duba. Maɓallan gilashi da na kulle ƙofofi duk suna ƙofar direba, a ƙarƙashin hannuna na hagu. Gilashin baya da hannu ake murɗa shi. Kowace ƙofa tana da 'yar ƙusar nan ta kulle da mutum zai ja da yatsa biyu ta buɗe. Na kunna rediyo ta kama. Na ce wannan nake so. Ya ce an riga ni, amma ƙanwarta tana cikin jirgi, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai kai ka fito daga ofis da carbi a hannu, ka ce suna ɗaya, shekara ɗaya, inji ɗaya.

Ranka ya daɗe, a nan ba ka yi ƙarya ba. Suna ɗaya ne, inji ɗaya ne. Abin da ba ka faɗa min ba shi ne masu ƙera mota kowace ƙasa da irin cikin da suke yi mata. Tawa an yi ta ne don ƙasar da direba ke zama a dama. Wani gareji ne a can ƙetare ya ciro sitiyarin ya dawo da shi hagu kafin a loda ta. Sitiyari ya yi ƙaura, sauran kaya suka ƙi binsa.

Laifina a nan ba zan ɓoye ba. Ranar da na zo ɗauka ban sake zaman rabin awa ba. Na ga tana ƙyalli, na ji ƙamshin turaren da kuke fesawa, na ga gilasai huɗu duk na lantarki, kaina ya kumbura. Daga filinka sai wajen mai fenti.

Na biyu. Ƙananan abubuwan da na yafe.

Ranar farko da na fito aiki, na zo kwana, na taɓa sigina, sai waifa ta hau rawa a gilashi da rana tsaka. Sandunan biyu a juye suke, na sigina yana dama, na waifa yana hagu. Sati biyu ina share busasshen gilashi a kowace kwana, masu babur suna zagina da harshe uku. Na koya. Hannuna ai ba na kowa ba ne.

Rediyo ba ta kama komai sai shuu, lambobinta sun ƙare kafin a kai tashoshinmu. Allon da ke tsakiyar tablo, wato gaban motar inda agogo yake, rubutunsa kamar kaji sun yi dambe a yashi. Kullum na tada mota wata mata takan yi magana a ciki da murya mai ladabi. Na kai ta wajen wani ɗan Sin mai sai da takalma a Mokolo, ya saurara ya ce ba yarensu ba ne. Har yau ban san ko gaishe ni take ko gargaɗi take min ba. Da dai ina amsa mata da lafiya lau. Yanzu na daina.

Abin buɗe tankin mai yana gefen kujerar fasinja. In na shiga gidan mai sai na ce, Hajiya ɗan ɗaga ƙafa, ko Malam ɗan laluba ƙasa ka ja wani ƙarfe. Abin buɗe bonet ma can yake. Duk wannan na ɗauke shi abin dariya, har da shi nake sa fasinjoji nishaɗi. Ba a kansa nake maka wasiƙa ba.

Na uku. Wanda ba na wasa ba.

Alhaji, kai a babbar mota kake yawo, gilashi a rufe, sanyi na kaɗa ka. Bari in tuna maka yadda muke aiki. Ɗan taksi ba ya tsayawa. Rage gudu yake a bakin titi, mutane a jere, kowa ya sunkuyo ta tagar dama ya faɗi unguwarsa da abin da zai biya, “Mokolo, trois cents,” wato ɗari uku. In ya yi maka, ka danna kilakson, wato hon, ya shigo. In bai yi ba, ka wuce. Duk cinikinmu a tagar nan ta dama yake, ita ce shagona. Sannan kowa ya sani a kujerar gaba mutum biyu ake sawa. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na tarar, haka zan bari.

To a motar da ka sayar min, babban maɓallin da ke juya gilasai huɗu da kulle ƙofofi huɗu yana ƙofar fasinja. Can aka bar shi, don can ne wurin direba a ƙasarsu. A ƙofata maɓalli ɗaya tak gare ni, na gilashina. Gilashin baya babu abin murɗawa. Ƙusar kulle babu, saman ƙofa sumul kamar tafin hannu. Ka ga in mutum biyu suka matsu a gaba, na bakin ƙofa cinyarsa ko gwiwar hannunsa a kan maɓallan take. Ya ɗan gyara zama, gilashi ya tashi, mai kiran unguwa a waje bakinsa kawai nake gani yana motsi. Ya yi atishawa, ƙofofi su kulle. Ni direba, mai mota, sai in roƙi fasinja ya buɗe min motata.

Na dawo filinka a satin farko na faɗa wa mai tabarau. Ya ce in saba, ai ƙari ne aka yi min, ta Turai ɗin ma ba ta da gilashin lantarki a baya.

Na huɗu. Bakina.

Wannan shi ne mai wuyar rubutawa. A teburin mai shayi inda direbobi ke karyawa da safe, aka fara min tsiya. Wai Sabo ya sayi motar da fasinja ke tuƙawa. Wai in sayi hula in ba na gaba, tunda shi ne patron, wato maigida. Ni kuma duk wanda ya san ni ya san ba a kayar da ni a teburin shayi. Sai na ajiye kofi na ce musu jahilci ne ke damunsu. Na ce ni da hannuna na kwance ƙofa na mai da maɓallan can, don a motar Sabo fasinja sarki ne. Na ce wuni ɗaya na yi ina jan wayoyi ta bayan tablo, aikin da injiniyoyin Turai sai su yi sati. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Faransanci don waɗanda ba su ji ba. Aka yi dariya, aka tafa min. Ya yi min daɗi, na sake faɗa washegari, na ƙara gishiri. Wata biyu ina faɗa. Har fasinjoji na faɗa wa.

Na biyar. Ranar Talata, sati biyu da suka wuce.

Bayan la'asar ne, ana ruwa irin na Yawunde mai zuwa a karkace. A gaba akwai Mamuda mahauci, mutum ne mai jiki, shi ne a bakin ƙofa, da wani ɗan kasuwa a tsakiya. A baya mata biyu da buhunan ganye a cinya, sai Baffa Hamadu a bayan kujerata. Baffa Hamadu abokin mahaifina ne, tare suka zo garin nan. Aikin allura yake yi a wuyan babbar riga, da hannu, ba keke. Rigar da na sa ranar aurena shi ya yi mata aiki bai karɓi ko sisi ba. Ya haura saba'in, yana da ciwon ƙirji, hayaƙin murhu ma ba ya so.

Saboda ruwa na ce Mamuda ya ɗaga gilasai, ya ɗaga. Ƙofofi kuwa tun da ya zauna cinyarsa ta kulle su. Muna gangarowa wajen masu tsire sai na ji warin roba. Kafin in ce wani abu hayaƙi ya fara fitowa ta ramukan iska na tablo, baƙi, mai kauri. Matar cikin allo ta faɗi wata magana ta yi shiru, fitilu suka mutu, inji ya mutu. Na ja birki na hannu. Na ce Mamuda ya danna, ya danna, ya sake dannawa da yatsa biyar, babu wuta. Ƙofata da tasa in ka ja hannun ciki suna buɗewa, muka fita mu uku. Na baya ba sa buɗewa. Na ja ta waje, a kulle. Na sa makulli a ƙofata na murɗa, ita kaɗai ta amsa.

Matan suna salati, buhuna sun tare su, ba su iya tsallakowa gaba. Baffa bai yi ihu ba, numfashin yin ihun ne babu. Ina ganinsa ta gilashi, bakinsa a buɗe, ya ɗora tafin hannunsa na dama yana bugawa a hankali. Ni Sabo, mai baki, na tsaya cikin ruwa ina jan hannun ƙofa kamar zan cire shi. Wani mai tsire ne ya rugo da ƙarfen da yake tona gawayi, ya ce Baffa ya ja baya, Baffa bai ji ba. Ya buga. Gilashi ya tarwatse, ƙarfen ya bi ya sauka a hannun. Muka zaro shi ta taga, muka zaro matan, masu tsire suka kashe wutar da yashi da ruwan bokiti.

Abin duka bai fi minti uku ba. Da a ce motar da ka nuna min ce, Baffa zai murɗa gilashinsa da hannu, ko ya ja ƙusa da yatsa biyu ya fita, mu tsaya a rumfa muna kallon hayaƙi muna tsokanar Mamuda.

An ɗinke tafin hannun, yatsu biyu a ɗaure da katako, babban yatsa da na kusa da shi. Waɗannan su ke riƙe allura. Likita ya ce sai an kwance za a san ko za su lanƙwashe.

Na shida. Abin da aka gani a bayan tablo.

Usumanu mai wayar mota a Ekoudou ya kwance gaban motar a gabana. Alhaji, ina ma kana wurin. Wayoyin da aka yi su don su tsaya a dama, an yi musu ƙari da wasu sirara aka ja su hagu, an murɗa da hannu an naɗe da salatif, ko dalma ba a sa ba. Wani wajen da igiyar roba aka ɗaure. Ramin da sitiyari ya fito an toshe shi da gwangwani. Murfin da ke gaban fasinja, mai rubutun jakar iskar nan da ke buɗewa in an yi karo, mun ɗaga shi, babu komai a ciki sai soso. Salatif ɗin ma Usumanu ya ce ba irin na kasuwarmu ba ne, ya tsufa, ya ci gishirin teku.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba. Ɗan Baffa ya kai ƙara sandika, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce Sabo da bakinsa ya faɗa shi ya ja wayoyin. Aka nemi shaidu, teburin shayi gaba ɗaya shaida ne. Mamuda ma ya ji da kunnensa. Na ce ga Usumanu, aka ce Usumanu mijin ƙanwata ne, dole ya kare ni. Aka aika mutum filinka, mai tabarau ya ce mota ta fita daga hannunku lafiya lau, abin da direba ya yi mata bayan nan ba ruwanku, kuma ai kowa ya ji direban yana cewa shi ya yi. Ka ga har filinka labarina ya kai.

Na je gaida Baffa da lemo da ayaba. Yana kwance a tabarma, hannun a kan matashi, rigar wani da ya fara yi wa aiki tana rataye a ƙusa da allurar a soke inda ya tsaya. Na rantse masa ban taɓa wayar ba. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, “Sabo, in ba kai ka taɓa ba, me ya sa ka ce kai ne?” Na yi masa sallama na fito.

To ga amsar, tunda unguwa duka za ta karanta. Jama'ar Briqueterie, ƙarya na yi. Ban kwance ƙofa ba, ban ja waya ba. Ko fiyus ban iya canzawa ba. Tuƙi na iya, wannan kam ko a gaban wa zan faɗa, amma in mota ta yi tari Usumanu nake kira. Ranar da ƙwan lantarkin ɗakinmu ya mutu, matata ce ta hau kujera, ni na riƙe mata tocila. Na faɗi abin da na faɗa ne don kada a yi min dariya a teburin shayi. Yanzu ku yi dariyar, na ba ku, ku yi ta yi har shekara. Ku dai bar min bajina.

Sai dai na san maganar wanda ya ce ya yi ƙarya ba ta da nauyi, ko da gaskiya ya dawo yana faɗa. Shi ya sa nake roƙonka, Alhaji, abubuwa kamar haka.

Ka ba ni takarda da sa hannunka da hatimin kamfani, mai cewa motar nan an yi ta ne da sitiyari a dama, an juya shi kafin ta shigo ƙasar nan, kuma a haka ka sayar min. Ka haɗa da kwafin takardar jirgi da ke nuna ƙasar da ta fito. Layi uku ya isa. Kafin azahar ta Asabar nake buƙatarta. Ban ce ka canja min mota ba, ban ce ka sake tablo ba, wannan maganar wata rana ce.

Ka je ka gaida Baffa Hamadu da ƙafarka. Gidansa ba ɓoyayye ba ne, ka tambayi kowane tela. Ka ga hannun da idonka.

Sannan ka hana mai tabarau cewa uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya zo saye a zaunar da shi a motar da zai ɗauka, ba a 'yar'uwarta ba, a ce masa ga inda aka yi ta, ga abin da aka taɓa.

Ranar da na ɗauki tawa, na ga irinta huɗu a jere a bayan ofishinka, da takardar jirgi iri ɗaya a manne a gilashi. Da na zo nemanka makon jiya babu ko ɗaya. Jiya da hantsi ina tsaye a bakin titi, tunda yanzu ni ma ƙafa nake bi, sai ga wata ƙaramar taksi sabon fenti, mutum biyu a gaba, uku a baya, har da mai goyo. Ta zo kwana za ta shiga Ekoudou. Ana rana, babu ko ɗigon ruwa, sai na ga waifa ta tashi tana share gilashi. Na bi ta da gudu ina ɗaga hannu, direban ya ɗauka fasinja ne ni, ya nuna min mota ta cika ya wuce. Ban samu lambarta ba. Kai kana da ita a ofis, da ta sauran ukun. Ka kira masu su yau, kada ka jira Asabar.

Ranar Asabar ɗin zan sa a jawo motata a ajiye a ƙofar inda za a zauna, tablo a buɗe yadda Usumanu ya bar shi. Zan ajiye maka kujera a inuwa. In ka zo da takarda, ni zan fara tashi in gaishe ka a gaban kowa. In ba ka zo ba, kujerar za ta zauna a nan kowa yana ganinta.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi na halal, ya tsare ka da iyalinka a kowace mota kuka shiga, ya sa ƙofarta ta buɗe duk lokacin da kuka ja. Allah ya ba Baffa Hamadu lafiya, ya mai da allura hannunsa. Ni kuma Allah ya rage min baki, ko da rabi ne.

Wassalam, daga wanda ka kira ɗan'uwa ranar ciniki,

Sabo Kilakson,
direban taksi har zuwa Asabar,
Briqueterie, Yawunde.